Shagonmu na Ƙofar Ƙaura

Da can, kafin mu ɗaga ƙofar ƙarfe
layi ya kai teburin mai shayi:
mai neman sabon layi, mai wanda aka toshe,
mai rantsuwar an cinye masa kati yana barci.
Farcena kullum da tokar azurfa
ta kankarar katin ɗari biyu.
In na koma gida Inna ta kama hannuna:
"Sagir, aikin ofis ne wannan, ko ƙira?"

Yau kujerun roba goma sha biyu
sun zauna suna kallon juna,
fanka na yi musu fifita.
Na ƙirga waɗanda suka shigo tun safe,
bakwai ne, har da yaron da ya yi ɓatan kai
yana tambayar inda ake sayar da caja.

Bara manaja ya zo daga Kano,
turarensa ya riga shi shigowa.
Ya ce, "Ku koya wa jama'a manhaja,
kowa ya yi abinsa daga ɗakinsa."
Muka koya musu kuwa, da fara'a.
Danna nan, Hajiya. Sa lambarki. Shi ke nan.
Duk wanda na koya wa
ya yi godiya, bai sake dawowa ba.
Ashe tsanin da ake hawa a bar ni a ƙasa
ni ne nake riƙe da shi kada ya zame.

Yanzu ana raɗe-raɗin takarda:
wai cikin shago biyar za a bar biyu.
Ba wanda ya ganta.
Amma Mannir ya sayi ƙaramin sukuddireba,
bayan la'asar yana wurin masu gyara
yana koyon buɗe cikin waya kamar mai fiɗa.
Rumasa'u ta fara kawo turaren wuta a jaka,
tana talla da ido, kada a ce ta yi a bakin aiki.
Ni ban fara komai ba.
Ina dai wanke rigar kamfani da dare,
in goge ta, har tambarin ya fara ɓarewa.

Jiya wani tsoho ya zo daga Batagarawa,
Malam Ilu, an rufe masa layi kwana tara.
Ɗansa na Fatakwal, ta nan yake jin muryarsa.
Na ɗora babban yatsansa a kan na'ura,
ta ce ba ta san shi ba.
Shekara hamsin fartanya ta cinye zanen.
Muka gwada na hagu. Ta ƙi.
Na ce ya hura masa iska, ya goga a goshi,
Rumasa'u ta ɗiga masa man shafawarta,
na riƙe hannun nan mai kaushin bawon gawo
na danna a hankali, ina riƙe da numfashi.
A karo na tara fitila ta yi kore.

Bai ce mini komai ba. Ya kira Fatakwal.
"Ni ne. Ina nan. Ban mutu ba, layi ne."
Ya fita yana dariya, ya mance hularsa,
sai da na bi shi har bakin titi.

Ina so in tambayi masu rubuta takarda:
a wane shafi na manhaja
ake riƙe hannun tsoho?
Amma ba ni da lambarsu.
Ni da na raba wa rabin garin nan lamba.

Magariba ta yi. Mannir ya kashe janareto.
Allon da ke saman ƙofa ya ɗan yi jim
kafin haskensa ya ɗauke.
Na sa kwaɗo, na ja shi sau biyu,
na jefa makulli a aljihu.
Gobe ma ƙarfe takwas zan zo.
Jibi kuma, ban sani ba,
kamar kiran da ke ta shiga
ba a ɗauka ba, ba a kuma katse ba.